Takin da Ya Ƙi Ɗaukar Zafi

Asabar, 3 ga wata, 4:30 na yamma

Likita ne ya ce in riƙa rubuta abin da nake yi kullum. Mutumin da ni na koya wa neman jijiya lokacin da ya zo asibitinmu yana sabon shiga, shi ne yanzu yake zaunar da ni yana ba ni kalma uku in maimaita bayan minti biyar. Kujera, lemo, agogo. Shekara talatin da biyu ina aikin jinya, rubuta rahoto ba baƙona ba ne.

Auta ta zo da safe. Cikin 'ya'yana ita kaɗai ta rage a kusa, shi ya sa ita ke shan faɗana. Maganarta ɗaya ce tun ranar da na manta tukunya a kan wuta har gidan ya cika da hayaƙi: in kulle gidan in koma wurinta, a bene hawa na huɗu, inda ba ƙasa ko cikin cokali sai tayil. Na ce lambun Malam, mahaifinta, fa? Shekara biyu da rasuwarsa ban bar ko tumatir ɗaya ya mutu ba. Ta ce, "Mama, ba tumatir nake tsoro ba."

Raina ya ɓaci, sai na yanke wa kaina sharaɗi da bakina. Dama na yi niyyar fara haɗa taki, don ƙasar lambun ta gaji. Na ce ta ba ni sati huɗu. In na haɗa shi ni kaɗai har ya ɗau zafi, to mai riƙe taki ta iya riƙe kanta, a bar ni a gidana. In ya ƙi, ni da kaina zan ɗaure kayana. Ta ce ta yarda.

Lahadi, 4 ga wata, 11:00 na safe

Malamin gona ya zo, tsohon abokin Malam. Ya buga mini akwatin katako mara gindi a bayan bishiyar lemo, muka jera kayan. Busasshen ganye da yagaggen kwali a ƙasa. A kai ɗanye: ɓawon ayaba, ɓawon dankali, ganyen shayi, ciyawar da aka yanke. Sai kashin kaji da maƙwabciyata, Maman 'Yan Biyu, ta miƙo ta kan katanga. A yayyafa ruwa, kada ya wuce danshin tsumman da aka matse. Ba nama, ba mai, ba ƙashi. Muka rufe da buhu, muka danne da bulo huɗu.

Ya ba ni guntun rodi. A soka a tsakiya, a jira minti biyar, a zaro a taɓa. Ya ce, "Sista, babban aikinsa shi ne a ƙyale shi. Ranar Asabar kawai za ki juya. Kwana huɗu ko biyar zai ɗau zafi, har ki kasa riƙe rodin."

Na yi dariya. Duk rayuwata saukar da zazzaɓi nake yi, yau ga ni ina roƙon Allah ya kawo shi.

Littafin nan ragowar na jinyar Malam ne. Shekara biyu da wata huɗu yana kwance bayan ɓarin jikinsa ya shanye, ni nake juya shi, farawa daga ƙarfe shida na safe, in goge masa jiki in rubuta. Ko tabon gyambo bai taɓa yi ba, likitoci ma sun yi mamaki. Ba na son ganin shafukan nan, don haka na matse su da maƙalin shanya. Duk shafin da na gama zan tura shi ƙarƙashin maƙalin in buɗe sabo. Abin da na rubuta ai na san shi.

Litinin, 5 ga wata, 6:15 na safe

An juya, an sa ruwa. Ba ƙorafi.

Laraba, 7 ga wata, 5:00 na yamma

Rodin sanyi ƙalau. Kwana uku ne dai, kada in yi gajen haƙuri.

Amma buhun ba yadda na bar shi yake ba. Rubutun jikinsa yana sama lokacin da muka rufe, yanzu yana ƙasa. Na fara zargin kajin Maman 'Yan Biyu, sai na tuna kaza ba ta mayar da bulo wurinsa.

Alhamis, 8 ga wata, 6:10 na safe

An juya. Yau ya yi nauyi.

Juma'a, 9 ga wata, 2:00 na rana

Bayana yana ciwo kamar na yini ina ɗaga majiyyata, ga bororo biyu a tafin hannuna na dama. Na zauna ina tunanin aikin da na yi a satin nan, ban ga komai ba sai shara da wanke kofi. Ko tsintsiyar ce?

Auta ta kira, ta ce me na ci. Na faɗa mata wani abu. Ta ce takin fa? Na ce yana nan yana shiri.

Kujera, lemo, agogo. Ga su nan, duk ukun.

Asabar, 10 ga wata, 10:00 na safe

Yau ne juyin farko. Da na ɗage buhun, wani wari ya buge ni kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ya jiƙe sharkaf, har ruwa na tsatsowa ta ƙasan katakon, alhali sau ɗaya tak na yayyafa masa ruwa, ranar Lahadi, a gaban malamin gona. Ba a yi ruwan sama ba. Kuma jerin da muka yi, busasshe a ƙasa ɗanye a sama, duk ya cakuɗe tun kafin in sa shebur.

Na kira malamin gona na kwatanta masa. Ya ce, "An cika masa ruwa. Kuma Sista, kamar ana damun sa. Kin tabbata ba kya taɓawa?" Na ce ni da aka sani da bin umarnin likita sau da ƙafa? Ya ce in ƙara kwali da busasshen ganye, in rufe, in manta da shi.

In manta da shi. Da a ce ya san abin da ya faɗa.

Litinin, 12 ga wata, 6:20 na safe

An juya, an sa ruwa. Jikinsa da sanyi, na ƙara masa rufi.

Talata, ko Laraba, da yamma

Kalandar kicin ta ce Talata, waya ta ce Laraba. Ɗaya daga ciki tana ƙarya.

Na tarar da tsohon bargon Malam a kan takin, mai ratsin ruwan ƙasa, wanda na ninke na sa a ƙasan akwati tun bayan rasuwarsa. Kaina ya ɗaure tamau. Wa ya shiga ɗakina? Wa ya san inda bargon yake? Ƙofar gida a kulle, makulli a wuyana.

Mutum biyu ne suka san sharaɗina da Auta, ni da ita. Sai Maman 'Yan Biyu, wadda katangarmu ba ta kai kafaɗarta ba, kuma kunnenta ya fi na kowa tsawo a layin nan. Ba na son in yi zato, Allah na tuba. Amma ranar tukunyar nan ita ta fara kiran Auta, kafin ma hayaƙin ya gama fita.

Na barbaɗa toka kewaye da akwatin. Ko wane ne, zai bar sawu.

Alhamis, 15 ga wata, 6:05 na safe

An juya. Wani ya zubar da toka a bakin gadon, a yi wa masu shara magana.

Alhamis, 9:30 na safe

Akwai sawu a tokar, da yawa, an zagaya akwatin an sake zagayawa. Na ɗauko silifas ɗina na ɗora a kan ɗaya, ya zauna daidai, har da ɗan yankan da ke dunduniyar hagu.

To ko lokacin da nake barbaɗawa ne na taka. Ko kuma wani ya sa takalmina, tunda a bakin ƙofa nake barin su. Na fi minti ashirin a tsaye ina kallon tokar nan. Ban gane ba. Wallahi ban gane ba.

Asabar, 17 ga wata, 4:00 na yamma

Auta ta zo. Ita ta soka rodin, ta duba agogonta, ta zaro ta riƙe shi a tafin hannunta. Ta jingine shi a jikin akwatin. Da ta yi mini gori ma da ya fi mini sauƙi.

Da za ta tafi ta kama hannuna za ta sa mini ledar magani, sai ta juya tafin ta ga bororon, sun zama huɗu. Ta ce, "Mama, wane irin aiki kike yi haka?" Na ce tsintsiya ce. Ta ce, "Tsintsiya." Ta shafa wurin da babban yatsanta kamar yadda nake yi mata tana ƙarama, sai na fizge hannuna.

Saura sati biyu. Ina tsoro, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai takarda.

Lahadi, 18 ga wata, 6:15 na safe

An juya, an sa ruwa. Har yanzu bai ce komai ba.

Litinin, 19 ga wata, 11:00 na safe

Na je gidan Maman 'Yan Biyu da shirin faɗa. Na same ta tana yanka albasa, ko zama ban yi ba na ce, "Shekara ashirin muna maƙwabtaka, in kin gaji da ni ki faɗa mini a fuska, ki bar lalata mini taki."

Ta ajiye wuƙar ta goge hannu. Ta ce, "Sista, zauna." Na ƙi. Ta ce, "Don girman Allah ki zauna." Na zauna.

Ta ce kullum ƙarfe shida, tana shanya, tana ganina ta kan katanga. In fito da bokiti da shebur, in ɗage buhun, in juya tarin daga wannan gefe zuwa wancan, in zuba ruwa, in mayar da bulo. Kullum, tun washegarin ranar da aka haɗa shi. Ta ce da farko ta ɗauka haka ake yi.

Na ce ƙarya take yi.

Ta ce, "Kina magana ma, Sista. A hankali, amma ina ji. Kina cewa, Malam yi haƙuri, saura kaɗan, riƙe kafaɗata."

Ban san yadda na dawo gida ba. Albasarta ce ta sa ni hawaye, haka na gaya mata.

Litinin, 3:00 na rana

Na cire maƙalin na karanta. Sau biyar na rubuta, da hannuna, da irin rubutun da nake yi a bakin gadonsa. Ita ta ce kullum ne.

Litinin, 5:30 na yamma

Kujera, lemo.

Talata, 20 ga wata, 12:00 na rana

Na koma na ba ta haƙuri. Ta ce, "Haba Sista, ke da kika karɓi haihuwar 'yan biyun nan da hannunki." Muka baje takin tare ya sha iska, muka ƙara kwali da busasshen ganye da sabon kashin kaji, muka sake jerawa yadda malamin gona ya nuna.

Sai na ba ta shebur ɗin na ce ta kulle a ɗakinta. Na rubuta mata takarda na sa hannu da kwanan wata: Ni na ba ki, kada ki ba ni ko na yi faɗa. Ta ce za a gaya wa Auta? Na ce tukuna. Ta taɓe baki amma ta karɓa.

Laraba, 21 ga wata, 6:40 na safe

An sace shebur. Na duba ko'ina. Lokacin juyi ya wuce da minti arba'in, zai yi gyambo, kuma ni za a tambaya.

Laraba, 8:30 na safe

Ta nuna mini takardar. Sa hannuna ne. Ta ce sai da na kira ta ɓarauniya sau biyu, a gaban mijinta. Na ce ta yafe mini, ta ce ta ji wanda ya fi haka daga bakina a ɗakin haihuwa.

Juma'a, 23 ga wata, 10:00 na safe

Maman 'Yan Biyu ta samo dabara, ita ta ba ni labari muna dariya. Ƙarfe shida saura kaɗan take shigowa da fulas ɗin shayi, na ba ta makulli ɗaya. In na fito ina neman shebur sai ta tare ni ta ce, "Sista, yau hutunki ne, ni ke kan aiki." Wai sai in tsaya in kalle ta sama da ƙasa, in ce, "Ki tabbata kin rubuta." Sai mu zauna mu sha shayi.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Da ta tafi kuma na zauna a bakin gado na rasa abin da ya ba ni dariyar. Ni ake ba labarin safiyata kamar labarin wata mata a wani gari.

Lahadi, 25 ga wata, 9:15 na safe

Ya ɗau zafi!

Na zaro rodin na yar ba shiri, yatsuna har yanzu suna raɗaɗi. Da na ɗaga gefen buhun tururi ya taso, kuma warin nan ya tafi, sai ƙamshin ƙasa. Na ƙwala wa Maman 'Yan Biyu kira, ta leƙo da kumfar sabulu a hannu, muka yi ta ihu kamar yara. Kwana biyar aka hana ni taɓa shi, shi ke nan abin da yake nema tun farko.

Na kira malamin gona. Ya ce, "Kin ga amfanin haƙuri, Sista." Na ce na gani.

Talata, 27 ga wata, 4:00 na yamma

Ranar Asabar Auta za ta zo ta taɓa rodin. Na ci. Sharaɗi dai zafi ne, ga zafi.

Sai dai na ce ni kaɗai.

Alhamis, 29 ga wata, 2:30 na rana

Takarda ma busasshen kaya ce, malamin gona ya faɗa. Shafukan da na rubuta a littafin nan goma ne ko sha biyu. In na yage su ƙanana na tura tsakiyar tarin nan, kafin Asabar ba mai iya karanta ko harafi. Maman 'Yan Biyu ba za ta faɗa ba in na roƙe ta.

Na kama shafin ranar Litinin ɗin farko na yaga har rabi. Sai na tuna wata ƙaramar ma'aikaciya da na taɓa kamawa ta rubuta zafin jikin majiyyata takwas ba ta auna ko ɗaya ba. Na tsayar da ita a gaban kowa na ce mata wanda zai karɓi aiki a hannunki ba shi da ido sai rahotonki, in kin yi masa ƙarya majiyyacin kika kashe. Ta yi kuka. Ban tausaya mata ba ko kaɗan, yau ne nake tausaya mata.

Na liƙe shafin da salatif. Ba na son barin gidan nan. Ba na so, ba na so.

Asabar, 31 ga wata, 5:00 na yamma

Auta ta soka rodin, ta jira, ta zaro, ta sake shi tana yarfe hannu. Ta kalle ni ta fashe da dariya, irin wadda ban ji daga bakinta ba tun ranar tukunyar. Ta ce, "Mama, kin ci! Wallahi kin ci. Na janye, ki yafe mini." Farin cikin da na gani a fuskarta ya nuna mini ita ma ba son ɗauke ni take yi ba, tsoro ne kawai.

Na ce ta zauna a kan bulon nan. Na shiga na ɗauko littafin, na cire maƙalin na miƙa mata. Na ce, "Karanta daga biyar ga wata. Aiki nake miƙa miki."

Na tsaya a kanta har ta gama, kamar yadda ake yi. Da ta kai ranar Litinin, 19 ga wata, ta rufe bakinta da hannu. Na ce ba a kuka a lokacin karɓar rahoto, ta ƙarasa tukuna. Ta ƙarasa. Ta ce, "Mama, da kin yi shiru ai da ban sani ba." Na ce shi ya sa.

Ranar Laraba za su zo da mota. Maman 'Yan Biyu za ta riƙe lambun, na rubuta mata komai, Asabar kawai. In takin ya nuna za ta aiko mini da bokiti ɗaya, Auta ta ce akwai wurin tukwanen shuka uku a barandarta.

Laraba, 4 ga sabon wata, 6:20 na safe

Kayana a ɗaure a falo. Na farka kafin shida na fita, ban nemi shebur ba. Na san ranar, na san motar da ke zuwa, na san abin da ke cikin akwatin katakon nan ɓawon ayaba ne da kashin kaji. Ina so a rubuta cewa yau na sani.

Na ɗora tafina a kan buhun. Ɗumi ya ratso har gwiwar hannuna. Shekara biyu da wata huɗu ina murza ɓarin jikinsa na hagu, bai taɓa yin ɗumi haka ba.

Na ce, "Malam, kwanta abinka, ba mai sake damun ka."

Ba a juya ba. Jiki da ɗumi. Na miƙa aiki.